Ɗalibaina Sun Gwada Na'urar Wanda Zan Aura

Ku yi min afuwa, yau babu doguwar gaisuwa. In na tsaya tambayar lafiyar kowa ina iya fasa rubutun nan gaba ɗaya.

Ga waɗanda yau ne suka fara cin karo da ni, ni malamar fiziks ce a wata sakandaren 'yan mata. Ni ce babba a gidanmu, ni kaɗai kuma na rage a gaban Mama, don ƙannena mata duk sun tafi ɗakunansu, auta ma har da goyo. Mama ta ce ba kyau na rasa ba, baki ne ya yi min yawa. Wai duk wanda ya zo wurina sai na tsare shi da tambaya kamar mai neman aiki, ya sha ruwa ya tafi, ba a sake ganin ƙeyarsa.

Sai Allah ya kawo Injiniya. Ba injiniya ba ne fa, shagon kayan wuta gare shi a kasuwa, ƙwan fitila da soket da wayoyi, mutane ne suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Shi da kansa yakan ce, "Ni ɗan kasuwa ne, Malamata, karatun naki ne." Dogo ne, ba ya ɗaga murya, in na jefa masa tambaya sai ya yi dariya ya ce in ƙaro wata. Ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. So irin wanda in wayata ta yi motsi a jaka ina tsakiyar aji sai in manta inda na tsaya. An riga an yi magana iyayensa maza za su zo ranar Asabar a tsayar da ranar aure, Mama har ta sa an sauya labulen falo.

To ga yadda nake koyarwa, don daga nan abin ya taso. Ni ba na cika allo da rubutu in ce a haddace. Na raba 'yan ajin ƙarshe rukuni-rukuni, kowane mako rukuni ɗaya zai kawo bidiyon da ya gani yana yawo a waya, wanda aka yi iƙirarin wani abu a cikinsa. Mu haska shi a majigi, mu tambayi kanmu me aka faɗa da baki, me kuma aka nuna a zahiri, sannan yaran su tsara yadda za su gwada da hannunsu. In sun gama su ɗauki nasu bidiyon, ranar Juma'a a sa a shafin makaranta. Akwai makon da suka kawo na wani da ya rantse albasa tana cajin waya. Ranar kowa a lab, ɗakin gwajinmu, hawaye yake yi shaɓe-shaɓe, waya kuwa ko gezau.

Litinin ɗin nan rukunin Donme ne ke da fili. Donme ba sunanta ba ne, 'yan ajin ne suka sa mata, saboda ba a gama magana a gabanta ba ta ce "don me?" ba. 'Yar ƙarama ce mai gilashi, hijabinta kullum da tabon biro a gefe. In na ce ba na ji da yarinyar nan na yi ƙarya.

"Malama, namu na yau na'urar rage cin wuta ce," in ji ta. "Babanmu ya saya, ya ce ko taɓa ta muka yi sai ya saɓa mana. Shi ya sa na bari ya fita sannan na zare ta."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Ta ɗora abin a kan tebur, wani ɗan farin akwati da bai wuce girman sabulu ba, da ƙaramar koriyar fitila a goshinsa. Nan na ƙura masa ido, don akwai irinsa sak a bayan talabijin ɗinmu. Injiniya ne ya kawo, ya jona da hannunsa yana hira da Mama. Ni na ɗauka irin abin kare kayan wuta ne daga ƙonewa, ban ko tambaya ba.

Aka ja labule, aka kunna majigi.

Ba a nuna fuska ba. Tebur ne, da tsohuwar fanka, da mita, da hannuwa biyu. Amma a hannun hagu akwai agogo mai igiyar fata ruwan ƙasa, kuma ni na zaɓi agogon nan. Sai ga muryar Injiniya ta cika ɗakin, a hankali, da wannan taushin da yake kirana da shi.

"Jama'a, ba sai na yi dogon bayani ba, ku duba da idonku."

Ya kunna fanka, mita ta nuna lamba. Ya jona farin akwatin, lambar ta gangaro ƙasa, ta kusa rabi. Ya ce haka wutar gidanka za ta ragu, ga lambar waya nan a ƙasa.

Ina tsaye a bayan aji na riƙe ƙarfen taga. Donme ta waiwayo.

"Malama, ta ina za mu fara?"

"Kamar kullum," na ce.

Wata ta ce yanka bidiyon aka yi aka haɗa. Suka maimaita shi, suka duba inuwar hannun, suka duba juyawar fankar, babu yanka. Sai suka ɗauko tsohuwar fankar lab da mita irin tasa, suka jona akwatin baban Donme. Lamba ta sauka, kamar dai yadda ya nuna. Yara suka hau surutu, wasu har da tafi. Ni kuwa na san abin da ke tafe. Tun ina jami'a na san wannan dabarar, ina dai roƙon Allah a buga ƙararrawa kafin wata ta farga.

Ba a buga ba. Donme ta tura gilashinta sama ta ce, "Malama, mitar nan me take aunawa? Irinta ce ta jikin bangon gidanmu?"

Kun ga a nan ina iya cewa lokaci ya ƙure, a tattara kaya. Ba wanda zai zarge ni. Amma ni na koya mata wannan tambayar, da bakina, tun tana ƙaramin aji. Na zaro mukullin kabad daga aljihun rigar lab na miƙa mata, na ce akwai wata mitar a hawa na biyu, ta ɗauko.

Kashegari suka gama aikin. Mita ta biyu, wadda ke auna abin da fanka ke ci da gaske, irin lissafin da mitar gida ke yi, ko motsi ba ta yi ba. A jona akwatin, a zare shi, lamba ɗaya. Suka kwance shi a hankali don kar baban Donme ya gane, ba komai a ciki sai ɗan abin tara wuta guda, wato kafasita, da 'yar fitilar nan. Donme ce ta tsaya gaban allo ta yi wa sauran bayani.

"Kamar a aike ki kicin ɗauko abinci ne. Da kina ta zuwa kina dawowa, wani zuwan ma faranti ba komai. Yanzu an rage miki zirga-zirgar. Amma abincin da aka ci bai ragu ba. Mitar cikin bidiyon zirga-zirga take ƙirgawa, ta gida kuwa abincin take ƙirgawa."

Wallahi da a ce akwatin wani ne, da na rungume ta.

Akwai wata doka da na kafa a ajin nan tun farko: ba ma sa bidiyonmu a shafi sai mun nemi mai maganar, ya zo ya gani ko ya kare kansa. Ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Donme ta ce ga lambarsa nan a ƙasan bidiyon, ko su kira?

"Ku bar min wannan, ni zan kira shi," na ce. Lambar da ko cikin barci aka tashe ni zan karanto ta.

A ofishin malamai na zauna, shayina ya huce a gabana, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura.

"Injiniya, akwai magana. Na'urar nan taka, ɗalibaina sun gwada ta."

Nan take ya amsa. "Ashe har makaranta na shiga. Sun ga aiki ko, Malamata?"

"Ba ta rage komai. Sun gwada ba sau ɗaya ba. Ranar Juma'a za su sa sakamakon a shafin makaranta."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Har aka tashi daga makaranta, har na hau mota na sauka a bakin layinmu, bai ce uffan ba.

Ina shiga gida na san da magana, don babu kowa a tsakar gida, takalman Mama kuma suna ƙofar ɗakina. Tana zaune a bakin gadona, gefenta ga rigar da tela ya kawo ta ranar Asabar, ruwan zuma mai duwatsu a wuya, ko daga leda ba a fitar ba. Gwaggo, yayar Baba da ta zo mana kwana saboda baƙin, tana kan kujerar madubi tana fifita da murfin kwali.

"Ajiye jakar ki zauna," in ji Mama.

Na zauna a ƙasa.

"Yanzu yaron nan ya kira ni, murya kamar zai yi kuka. Wai kin tara yara za ku tozarta shi a idon duniya."

"Mama, ba ni na kawo ba. Yaran ne suka..."

"Wace ce malamar, ke ko su?"

Gwaggo ta karkato. "Farfesa, in ce ko a gidan nan kike kwana? Tunda aka jona abin nan fankar falo har wani sanyi ta ƙara. Ni shaida ce."

"Gwaggo, ai ruwan sama aka fara."

"Kin ji ko, Yaya?" Mama ta tafa hannu. "Bakin nan dai. Bakin nan shi zai zaunar da ita a gabana har furfura."

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka faɗa za ta ci gaba da yi, na shirya masa. Sai na ji muryarta ta karye.

"'Yar nan, na gaji. Duk taron da na shiga sai an tambaye ni babbar fa, har yanzu? In yi murmushi in ce karatu take yi. Karatun ya ƙare, na ce aiki take yi. Yanzu Allah ya kawo mai mutunci, yana sonki kina sonsa, saura 'yan kwanaki. Duniya cike take da masu talla, sai shi kaɗai kuka gani? Ki ce wa yaran su kawo wani bidiyon mana. Me zai ragu a jikinki?"

Ta goge ido da bakin mayafinta. Ni faɗan Mama ba ya kayar da ni, kukanta ne ba na iya ɗauka. Na ji kamar in ce to, shi ke nan, an bari.

Amma bari in gaya muku abin da ke cina a rai, wanda ban iya gaya wa Mama ba. Ba akwatin ne damuwata ba, wannan na riga na san ba ya aiki. Damuwata ita ce ko shi ya sani. In bai sani ba, to an yaudare shi ne kamar yadda aka yaudari baban Donme, kuma zan aure shi in taya shi fita daga ciki. In kuwa ya sani, to mutumin da zan kwana in tashi da shi yana iya kallon jama'a da wannan tattausar muryar ya shirga musu ƙarya, kuma da ita yake min magana.

Bayan magariba Injiniya ya kira. Na shige ɗaki na tura ƙofa.

"Malamata, kin ɗaga min hankali."

"Shi ya sa ka kira Mama ba ni ba?"

"Ruɗewa na yi, ki yafe min." Ya ja numfashi. "Kin san ni ban san komai a harkar wuta ba, saye da sayarwa na iya. Wakilin kamfanin ne ya zo har shago ya nuna min, na ga lamba ta sauka da idona. Yadda ya yi haka na yi a bidiyon. Ga katan-katan nan jibge a shago. In ƙarya ce, ai ni aka fara cuta."

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Abin da nake son ji ke nan, kalma bayan kalma.

"To ka zo jibi ka gani da idonka," na ce. "Dokar ajina ce."



"Don ke zan zo," ya ce.

Ranar Alhamis ya zo ana dawowa daga hutun tara. Riga ruwan toka mai dogon hannu, guga kamar ta yanki mutum, turarensa ya riga shi shiga lab. Ya sa an shigo da katan ɗin lemo wai na ɗaliban Malama. Yara suka hau zungurin juna, na yi kamar ban gani ba. Sun riga sun shirya tebur, mitoci biyu a jere, dutsen guga a gefe, waya kuma a kan ƙafarta tana ɗauka.

Ko zama bai yi ba aka ce shugabar makaranta na kirana a baranda. Ta tsare ni da tambayar wane ne baƙon, wa ya ba shi izinin shiga wurin 'yan mata, ina ta ba ta haƙuri ina leƙen ƙofa. Da na dawo na tarar an ture dutsen gugar an sa fanka. Shi yana murmushi, Donme kuwa ta yi kicin-kicin da fuska. Ban kawo komai a raina ba, na ce a fara.

Aka kunna fanka, aka jona akwatinsa da ya zo da shi sabo a kwali. Mitar farko ta sauka.

"Kun gani ko, 'yan mata?" ya ce.

Donme ta ɗora yatsa a kan mita ta biyu. Aka zare, aka jona, aka sake zarewa. Lamba tana nan inda take. Aka kawo dutsen guga, wannan karon ko ta farkon ba ta sauka ba. Wata yarinya ta maimaita masa bayanin faranti da abinci.

Ya ja kujera ya zauna. Ya dafe kai da hannu biyu, ya daɗe a haka.

"Inna lillahi. Sun cuce ni," ya ce a hankali. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Allah ya yafe min, tausayi na ji, amma farin ciki ya fi yawa. Mutum yana cikin asara ni ina murna a ɓoye, don ya tabbata ba maƙaryaci zan aura ba.

Ya dubi yaran. "Na gode muku, kun buɗe min ido. Alfarma ɗaya nake nema. Kar ku sa bidiyon nan gobe. Ku ba ni lokaci in fara tunkarar kamfanin, in suka ga abin ya fita za su gudu su bar ni da kaya."

Duk suka juyo suna kallona.

"Za mu jira," na ce.

"Don me, Malama?" in ji Donme. "Ai ya zo ya gani. Kuma mutane suna nan suna saye."

"Don na ce."

Tunda na fara koyarwa ban taɓa ba ɗaliba wannan amsar ba. Donme ta dube ni ta cikin gilashinta, ta rufe baki, ta juya ta hau naɗe waya. Har aka tashi ba ta sake kallon inda nake ba.

A gida kuwa sai murna. Na gaya wa Mama an daidaita, ta rungume ni ta ce yau ta san ta haifi mai hankali. Saƙonninsa suka dawo kamar da, na safe daban, na rana daban. "Kin cece ni, Malamata." "Ban san da me zan biya ki ba." Juma'a ta wuce, shafin makaranta ba a sa komai ba. Na gaya wa kaina adalci na yi.

Asabar tun da hantsi gidan ya kacame. An goge tayil har yana ɗaukar ido, an fito da kofunan da ba a taɓawa sai da baƙi, Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana ba da umarni ba ta ɗaga ko cokali ba. Bayan la'asar na yi wanka na sa rigar ruwan zumar. Ta zauna min ɗas. Ƙanwata ta ɗaura min ɗankwali, ta sa min 'yan kunnen Mama na zinariya, ta ce in na motsa kaina ba ruwanta, ta fita ɗauko turare.

Wayata ta yi ƙara a kan gado. Na ɗauka shi ne, har na fara murmushi. Baƙuwar lamba ce.

"Malama, Donme ce, wayar mamanmu ce. Ki yi haƙuri. Tun shekaranjiya nake tunanin in turo ko kar in turo. Mun san shi ne wanda za ki aura, tun ranar da aka haska bidiyon muka ga fuskarki. Wannan farkon ɗaukar ne, lokacin da kika fita. Ban nuna wa kowa ba."

Na tura ƙofa da ƙafa. Na danna.

Ga bayana ina fita, ƙofa ta rufe. Ya juyo ya dubi teburin, murmushin nan ya ɗauke kamar an kashe fitila.

"Wa ya ce ku kawo dutsen guga? Ba ya nunawa da shi. Fanka za ku sa."

Yara biyu suka tafi ɗauko fanka. Ya sunkuya kan mitocin. Ta farko, irin tasa, ko kallo ba ta ishe shi ba. Hannunsa kai tsaye ya tafi kan ta biyun. Ya ɗaga ta, ya juya bayanta ya karanta, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wannan wa ya ba ku ita?" Ya ajiye ta fuskarta na kallon bango, ya jingina wayarsa a jikinta.

Donme ta zo ta ɗauke wayar ta miƙa masa da hannu biyu, ta juyo da mitar.

"'Yan mata, wannan ba ta da amfani a gwajin nan," ya ce. "Ta farkon ake dubawa."

"Don me?"

Ƙofa ya kalla, inda na fita.

Na mayar baya. Na rage gudun bidiyon kamar yadda muke yi in muna auna faɗuwar ƙwallo, na bi hannun nan sannu a hankali daga aljihunsa har kan mitar. Babu laluben komai, babu shakka. Na koma cikin saƙonninmu na duba, na tuno hirarmu ta waya daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ce masa akwai mita ta biyu ba. Ban taɓa ambaton dutsen guga ba. Mutumin da ya ce min bai san komai a harkar wuta ba ya shigo ɗaki, cikin mitoci biyu ya gane wadda za ta tona shi tun kafin a kunna komai. Sannan ya zauna ya dafe kai, idonsa ya yi ja, ni kuma na tsawata wa yarinyar da ta fi kowa yarda da ni saboda shi.

Abin da ya fi min ciwo, ina kallon hannun nan kuma ina jin son mai shi bai tafi ko'ina ba. Na so a ce ya tafi. Amma yana nan daram.

Sai na ji tsayuwar motoci a waje. Sallama, gaishe-gaishe, muryoyin manya suna shiga falo, Gwaggo tana ta lale marhabin kamar ita ta gina gidan. Na zauna a bakin gado da wayar a cinyata, ɗankwalin yana matse min kai.

Aka ƙwanƙwasa. Baba ne, cikin fararen kayansa, gilashin karatu a aljihun gaba. Baba ba mai yawan magana ba ne, tunda aka fara zancen auren nan bai ce min komai ba sai Allah ya sa alheri. Mama na bayansa, ta sha kwalliya, fuskarta kamar ta yarinya.

"Uwata, baƙi sun zauna," ya ce. "Kafin in buɗe baki a gabansu ina so in ji naki. Hankalinki ya kwanta da shi?"

"Haba Malam, wace irin tambaya ce wannan a yanzu?" in ji Mama tana dariya. Amma ta ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ta girgiza min kai a hankali, idonta yana roƙona. Ban taɓa ganin Mama ta roƙi kowa haka ba.

Sai na miƙe na sa wayar a hannun Baba.

Ya zaro gilashin ya sa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, goshinsa a tattare, na san bai gane mitocin ba tukuna. Bidiyon bai kai rabi ba wayar ta yi ƙara, saƙo ya sauko a samansa. Baba irin mutanen nan ne da ba sa iya karatu a zuci, sai ya karanta a fili, kalma ɗaya-ɗaya.

"Ina waje cikin mota, amaryata. Ki daure ki sa yaran nan su goge bidiyon ranar Alhamis ɗin nan, har na wayoyinsu."

Daga falo ana jin ƙarar cokali a kofi da dariyar wani dattijo.

"Malam," Mama ta ce da raɗa, "mutane na jira."

"Su jira," in ji Baba.

Ya shigo ya mayar da ƙofa ya rufe. Ya zauna a bakin gadona, ya gyara zaman gilashinsa, ya miƙo min wayar.

"Uwata, mayar min da shi farko."